Allurar da Ke Ceton Rai, Take Kuma Iya Kashe Kunne: Darasi a Kan Jentamaisin da Gadon Uwa

Gabatarwa

Duk wanda ya bi titin Zariya da hantsi, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda jama'a suka fi sani da Asibitin Malam, ba zai rasa ganin shagunan sayar da magani jere da juna ba. Haka abin yake a titin Kotu da cikin lungunan Tarauni. Daga cikin kayan da ake yawan nema a irin waɗannan shaguna akwai wata 'yar kwalba mai cin mililita 2, da ruwa garai-garai a ciki, an rubuta Gentamicin a jikinta. Ita ce allurar jentamaisin. Tana da araha, ba ta buƙatar firiji, kuma tana da ƙarfi a kan ƙwayoyin cuta masu yawa. A ɗakunan jinyar jarirai na duniya baki ɗaya, wannan allura ta ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu.

Sai dai maganin yana da wani aibu da aka sani tun fil azal: yana iya lalata ji. Yawancin waɗanda abin ke samu, sai an yi musu allurar da yawa ko kuwa an daɗe ana yi. Amma akwai wasu mutane ƙalilan da allura ɗaya tak, a bisa ƙa'ida, kan iya mayar da su kurame har ƙarshen rayuwarsu. Dalilin yana ɓoye cikin wani ɗan ƙaramin sashe na ƙwayar halitta da ake kira maitokondiriya, wanda kowa ke gada daga mahaifiyarsa. Wannan maƙala za ta bi diddigin al'amarin: asalin maganin, yadda kunne ke ji, inda maganin ke yin ɓarna, da abin da ɗalibi da malami za su iya yi a kai.

Asalin Maganin

Jentamaisin ɗaya ce daga cikin dangin magungunan kashe bakteriya da ake kira aminogilaikosaid. Babban wansu shi ne sitireftomaisin, wanda wani ɗalibi mai suna Albert Schatz ya gano cikin shekara ta 1943 a ɗakin binciken malaminsa Selman Waksman, a Jami'ar Rutgers ta ƙasar Amurka. Daga wata bakteriya mai zama cikin ƙasa aka samo shi, kuma shi ne magani na farko da ya yi galaba a kan tarin fuka. Waksman ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 1952. Daga nan sai niyomaisin ya biyo baya a 1949, kanamaisin a ƙasar Japan a 1957, jentamaisin a 1963, sannan amikasin a 1972. Tobiramaisin ma ɗan wannan gida ne.

Tun shekarun farko na amfani da sitireftomaisin likitoci suka lura cewa wasu masu tarin fuka sukan warke, amma su tashi da jiri ko da raunin ji. Aka kuma gane cewa dangin nan suna taɓa ƙoda. Jentamaisin da sitireftomaisin sun fi cutar da sashen kunne mai kula da daidaiton tsayuwa da tafiya, kanamaisin da amikasin da niyomaisin kuwa sun fi cutar da sashen ji, ko da yake kowannensu na iya taɓa duka biyun.

Yadda Kunne Ke Ji

Kunne ya kasu kashi uku. Na waje yana tattara sauti ya kai shi ga dodon kunne. Na tsakiya yana da ƙananan ƙasusuwa uku da ke karɓar girgizar dodon kunne su miƙa ta ciki. Na can ciki kuwa yana ɗauke da wani murɗaɗɗen bututu mai kama da katantanwa, cike da ruwa, wanda girmansa bai wuce na ƙwayar wake ba. A cikin wannan katantanwa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi a ka, kimanin 15,000 a kowane kunne: wajen 3,500 a layin ciki, wajen 12,000 a layukan waje. Idan sauti ya girgiza ruwan, sai gashin ya karkata, wasu ƙananan ƙofofi su buɗe, a sami saƙon lantarki wanda jijiyar ji ke kaiwa ƙwaƙwalwa.

Abubuwa biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan. Na farko, da adadin da aka haifi mutum da shi zai rayu. Fata takan sake tsirowa, ƙashi yakan haɗe, har tsuntsaye ma an tabbatar a 1988 cewa sukan sabunta waɗannan ƙwayoyi na kunnensu, amma na ɗan Adam in sun mutu sun mutu ke nan. Na biyu, aminogilaikosaid yana bin waɗancan ƙananan ƙofofi ya shiga cikin ƙwayar, ya kuma daɗe a ciki, har tsawon watanni bayan ƙoda ta gama tace shi daga jini.

Ɓarnar takan fara ne daga gindin katantanwa, inda ake jin sauti mai kaifi irin kukan gyare ko na sarewa. Sauti mai kauri irin na ganga shi ke tafiya daga baya. Saboda haka yaron da abin ya fara taɓawa yana jin muryar malami sarai, amma ba ya bambance *sara* da *fara* da *shara* da *tsara*, domin baƙaƙen da ke farkon kalmomin masu kaifi ne. Sau da yawa akan ce da irin wannan yaro ba ya mai da hankali, ko kuwa daƙiƙi ne, alhali kuwa kunnensa ne ya samu rauni.

Maitokondiriya: Baƙon da Ya Zama Ɗan Gida

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai maitokondiriya, daga ɗaruruwa zuwa dubbai. Aikinsu shi ne haɗa abincin da aka narkar da iskar oksijin su fitar da sinadarin ATP, wanda shi ne makamashin da jiki ke aiki da shi. Ana iya kwatanta su da injin janareto na cikin gida. Sassan jiki masu yawan cin makamashi, wato ƙwaƙwalwa da zuciya da tsoka da ido da kunne, su suka fi dogara da su.

Abin mamaki game da maitokondiriya shi ne suna da nasu kundin gado, wato DNA, daban da wanda ke cikin cibiyar ƙwayar halitta. Kundin zagayayye ne kamar zobe, yana da haruffa 16,569, an kuma gama karanta shi a Kambirij ta Ingila a 1981. Yana ɗauke da babi 37, waɗanda su ne ƙwayoyin gadonsa. Har ila yau maitokondiriya suna rabewa gida biyu su hayayyafa, kamar yadda bakteriya ke yi, suna kuma da nasu ribosom, wato 'yar masana'antar da ke karanta umarnin gado ta ƙera furotin. Waɗannan alamu ne suka sa masana ilmin halittu, musamman Lynn Margulis a 1967, suka yi bayanin cewa asalin maitokondiriya bakteriya ce da ta shiga cikin wata ƙwayar halitta a zamanin da can can, zama ya yi daɗi, baƙo ya zama ɗan gida.

A nan ne gizo ke saƙar. Aminogilaikosaid yana kashe bakteriya ne ta hanyar maƙalewa a wani gurbi na ribosom ɗinta, daidai inda ake tantance umarnin gado. Da ya maƙale sai ribosom ya riƙa karatu da kuskure, ya ƙera gurɓatattun furotin, bakteriya ta mutu. Ribosom ɗin da ke cikin ruwan ƙwayar halittar mutum ya sha bamban da na bakteriya, don haka maganin ba ya kama shi sosai. Na maitokondiriya kuwa yana da kama da na bakteriya, gwargwadon kamar dangi na nesa.

Harafi Ɗaya Tak

A yawancin mutane, 'yar bambancin da ke tsakanin ribosom ɗin maitokondiriya da na bakteriya ta isa ta ba da kariya, muddin ba a wuce kima ba. Amma akwai masu wani canji a babin da ake kira MT-RNR1. A gurbi na 1555 na kundin, inda sauran mutane ke da harafin A, su G gare su. Masana na rubuta wannan canji m.1555A>G. Wannan G ɗin yakan haɗu da harafin C da ke gurbi na 1494, su ɗaure, sai siffar wurin ta koma kusan irin ta bakteriya sak. Maganin ya zo, ya tarar da makulli daidai da mabuɗinsa, ya maƙale. Ƙera furotin ya tsaya, makamashi ya yi ƙasa, gurɓatattun sinadarai masu ƙona ƙwayar halitta su taru, ƙwayoyin nan masu gashi su mutu.

An daɗe ana bin sawun wannan al'amari kafin a kama shi. A 1991 masu bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka nazarci iyalai 36 da allurar ta kurumtar da mutane fiye da ɗaya a cikinsu, suka ga a duk iyalan ta wajen uwa abin ke bi. A 1993 ayarin Nathan Fischel-Ghodsian a Amurka ya gano canjin kansa, a iyalai uku na Sinawa da wata babbar zuriya ta Larabawan Isra'ila. Nahiyar Afirka ma ba ta kuɓuta ba: an ba da rahoton canjin a wata zuriya ta ƙasar Zayar, wato Kwango ta yanzu, a 1996, sannan a wani iyali na Afirka ta Kudu da sitireftomaisin ya kurumtar da 'ya'yansa, a 1997. A 2004 aka gano wani canjin mai irin wannan illa a gurbi na 1494, a wata zuriya ta Sinawa. Binciken da aka buga a 2009 a kan yaran Ingila ya nuna yaro 1 cikin kowane 520 na ɗauke da canjin gurbi na 1555, wani kuma a Ostireliya ya sami kimanin 1 cikin 500. Wato ke nan a makaranta mai ɗalibai 1,500 a can, ana sa ran samun kamar mutum uku.

Mai ɗauke da canjin yawanci lafiyarsa ƙalau, babu wata alama a jikinsa. Wasu jinsu kan ragu da kansa a hankali, ko ba a taɓa yi musu allurar ba. Wasu kuma an yi musu sun tsira. Amma haɗarin yana da girma ƙwarai, kuma yana iya afkuwa ko da likita ya auna maganin daidai, ko da gwajin jini ya nuna bai wuce kima ba. Daɗin daɗawa, kurumtar kan bayyana ne kwanaki ko makonni bayan allurar, lokacin da an manta da ita. Sai a ɗora laifin a kan zazzaɓi, ko iska, ko sammu.

Gadon da Ke Bin Ɗakin Uwa

Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to amma wannan gado ba ya bin uba. Ƙwan mace yana ɗauke da kwafin kundin maitokondiriya fiye da 100,000. Maniyyin namiji kuwa 'yan kaɗan yake kawowa, su ma ana rushe su bayan an ɗauki ciki. Saboda haka maitokondiriyar kowa ta mahaifiyarsa ce, ita ma ta mahaifiyarta ce, haka har sama.

Alal misali, a ɗauki gida mai mata biyu a Tarauni. Idan uwargida na ɗauke da canjin, 'ya'yan ɗakinta maza da mata duk sun gada, 'ya'yan amarya kuwa babu ruwansu, ko da yake uba ɗaya ne. Idan 'yar uwargida ta yi aure ta haihu, za ta miƙa wa 'ya'yanta. Ɗanta namiji kuwa, da shi abin zai tsaya. Don haka in ana neman tarihin wannan matsala, waɗanda za a duba su ne uwa, da 'yan ɗaki ɗaya, da kaka ta wajen uwa, da kawu, da inna da 'ya'yan inna. 'Ya'yan kawu ba sa ciki. Baffa da gwaggo ma ba sa ciki.

Wannan ya sha bamban da ciwon sikila, wanda sai an gada daga uwa da uba duka biyu. Gwajin jinin da ake yi kafin aure, wanda dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta, ba ya nuna canjin maitokondiriya, kuma auren zumunci ba ya ƙara shi, ba ya rage shi. Wajibi ne kuma a ja kunne a nan: sanin cewa gadon ta wajen uwa yake bi ba hujja ba ce ta yi wa mace gori ko ƙyamar zuriyarta. Ba ita ta zaɓa ba, kuma 'ya'yanta na iya rayuwa da jinsu garau har tsufa idan an kauce wa dangin magani guda. Amfanin sanin shi ne kariya.

Masu Ciwon Maitokondiriya

Ban da masu canjin da ba ya nuna alama, akwai waɗanda maitokondiriyarsu ke da rauni har ya zama ciwo a fili. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 5,000 ne ke da irin wannan ciwo. Wasu nau'o'insa daga kundin maitokondiriya suke, su ne ke bin uwa, wasu kuma daga kundin cibiyar ƙwayar halitta, waɗanda ake iya gada ta ɓangarori biyu. Alamomin sun haɗa da saurin gajiya, raunin tsoka, saukar fatar ido, farfaɗiya, ciwon zuciya da raunin ji. Wani sanannen canji a gurbi na 3243 yakan haɗa wa mutum ciwon sukari da kurumta tare, kamar yadda aka bayyana a 1992. Idan aka ga zuriyar da ciwon sukari da raunin ji ke bin ɗakin uwa tun da ƙuruciya, ya dace likita ya sani.

Kunnen irin waɗannan mutane dama a kan gaɓa yake, don haka likitoci ke taka-tsantsan da aminogilaikosaid a gare su. Akwai kuma wasu magungunan da ke taɓa ribosom ɗin maitokondiriya, kamar kuloramfenikol da linezolid, waɗanda ake sa ido a kansu musamman in za a daɗe ana sha. Dangin fenisilin kamar amoksisilin, da dangin sefalosforin kamar seftiriyazon, ta wata hanya suke aiki: suna rushe katangar da ke kewaye da bakteriya, ƙwayar halittar mutum da maitokondiriya kuwa ba su da irin wannan katanga. Shi ya sa sukan zama madadi idan sun dace da cutar. Duk da haka, zazzaɓi da cutar bakteriya su kansu babban haɗari ne ga mai ciwon maitokondiriya, domin suna ƙara wa jiki buƙatar makamashin da dama bai wadata ba. Barin cuta ba magani ya fi kowane zaɓi muni. Likita ne ke auna wanne ya fi sauƙi tsakanin haɗurran biyu.

Darussa Daga Nijeriya

A 2010 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, ta soke rajistar allurar jentamaisin mai ƙarfin miligiram 280, saboda illarta ga kunne da ƙoda. Wannan kwalba ta ninka ta miligiram 80 da aka saba da ita sau uku da rabi. Masu ƙaramin ƙarfi an bar su, domin asibitoci ba za su iya aiki ba tare da su ba. Lissafi kaɗan zai nuna dalilin da ya sa allurar ba abin wasa ba ce. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, jaririn da ke cikin makonsa na farko, mai cikakken nauyi, miligiram 5 ake ba shi a kan kowane kilo a rana. Jariri mai kilo 3 ke nan miligiram 15 ne rabonsa. Kwalba guda ta miligiram 80 ta ninka wannan fiye da sau biyar. Wanda bai ɗora yaro a sikeli ba, bai kuma san halin da ƙodarsa ke ciki ba, da ka yake harbi. Lasisin mai kemis na sayar da ƙananan magunguna ne da ba sa buƙatar takardar likita. Bai ƙunshi yin allura ba.

Darasi na biyu daga tarin fuka yake. Shekara da shekaru, mai tarin da ya bijire wa magunguna sai ya sha allurar kanamaisin kullum har tsawon watanni, da yawa kuma sun warke sun rasa ji. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamaisin daga tsarin, ta fifita magungunan haɗiya irin su bedakwilin, ta kuma ce amikasin da sitireftomaisin sai inda gwaji ya nuna za su yi aiki, kuma akwai halin auna jin mara lafiya a kai a kai. A 2022 ta amince da tsarin watanni shida wanda babu allura a cikinsa.

Jarirai da Gwajin Minti 26

Inda lamarin ya fi wuya shi ne ɗakin jarirai. Idan bakteriya ta shiga jinin jariri sabon haihuwa, sa'o'i kaɗan ne tsakaninsa da ajali, kuma magani na farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shi ne ampisilin tare da jentamaisin. Wani babban bincike da aka yi a Kwango da Kenya da Nijeriya, ciki har da Zariya, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa allurar jentamaisin tare da amoksisilin na sha tana ceton jariran da ba a sami halin kwantar da su a asibiti ba. Maganin da ke irin wannan aiki ba a watsar da shi.

Mafitar da aka samo a Ingila ita ce gano masu canjin kafin a yi allurar. Masu bincike a Mancasta sun gwada wata na'ura da ake goga auduga a cikin kumatun jariri a saka mata, ta ba da sakamako cikin minti 26. A rahoton da suka buga a 2022, jarirai 751 aka shigar cikin binciken, aka sami uku masu canjin, aka ba su wani magani daban ba tare da an makara ba. Tun a Janairun 2021 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta gargaɗi likitoci da su yi la'akari da tarihin kurumta ta wajen uwa, su kuma duba yiwuwar gwaji ga waɗanda za a daɗe ana ba su maganin, amma kada a jinkirta maganin gaggawa domin jiran sakamako.

Inda babu na'ura, akwai tambaya, kuma tambaya kyauta ce: "A dangin mahaifiyar yaron nan, akwai wanda ya kurumce bayan an yi masa allura?"

Abin da Ya Kamata a Yi

1. Kowane ɗalibi ya tambayi mahaifiyarsa ko kakarsa tarihin ji a danginsu. Idan akwai wanda ya rasa ji bayan allura, ko tun yana matashi ba da wani sanannen dalili ba, a faɗa wa likita duk lokacin da aka je asibiti, a kuma rubuta a kati a ajiye.

2. Kada a karɓi allurar jentamaisin ko danginta sai da takardar likita, a wurin da ake auna nauyi, ake kuma iya gwada ƙoda. Mura da yawancin ciwon maƙogwaro bairos ne ke kawo su, maganin bakteriya ba ya yi musu komai.

3. A riƙa tambayar sunan kowace allura, a rubuta shi tare da kwanan wata.

4. Wanda ke kan maganin, da ya ji kunnensa na ƙara ko ya toshe, ko jiri na ɗibarsa, ko fitsarinsa ya ragu, ya sanar da likita nan take.

5. A gaya wa likita sauran magungunan da ake sha. Furosemaid, maganin da ke sa fitsari, da sisfilatin na ciwon daji, suna ƙara illar. Haka ma rashin ruwa a jiki, da tsufa, da ciwon ƙoda, da zama cikin ƙara mai tsanani.

6. Kada a ɗiga maganin kunne mai jentamaisin ko niyomaisin a kunnen da ke zubar da ruwa sai likita ya duba, domin in dodon kunne ya huje maganin na iya ratsawa ciki.

7. Idan likita ya ce ran jariri na cikin haɗari kuma wannan ne maganin da ya dace, a ba shi tarihin dangi, sannan a bar shi ya yi aikinsa. Bayan an sallamo yaron, a nemi a gwada jinsa.

Malami kuma yana da nasa rabon. Ɗalibin da ya dawo daga jinya ya koma yawan cewa "Na'am?", ko yana kallon bakin mai magana, ko karatunsa ya ja baya, a dawo da shi layin gaba, a kuma shawarci iyayensa su kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, irin wanda ke Asibitin Malam, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Sanƙarau da ƙyanda da hangum da shawarar jarirai su ma suna kawo kurumta, gwaji ne ke rarrabewa. Wanda jinsa ya riga ya tafi kuma bai rasa hanya ba: akwai na'urar ƙara ji, akwai maganar hannu, akwai makarantu irin ta Tudun Maliki a nan Kano.

Kammalawa

Jentamaisin da danginta magunguna ne masu daraja, kuma za a ci gaba da buƙatarsu. Illarsu ga kunne ta samo asali ne daga kamannin da ke tsakanin bakteriya da maitokondiriya, kamannin da harafi ɗaya cikin 16,569 ke iya mayarwa cikakke. Harafin yana bin ɗakin uwa, don haka tarihin dangin uwa shi ne gwaji na farko, kuma kowane gida a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni na da halin yin sa. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wannan karon, kunnen da ya ji shi kansa ne zai tsira.

Tambayoyi Don Nazari

1. Kawo alamu uku da ke nuna kamannin maitokondiriya da bakteriya.

2. Me ya sa wanda maganin ya fara taɓa kunnensa ke jin ganga amma ba ya jin kukan gyare?

3. Wani mutum yana ɗauke da canjin m.1555A>G, matarsa ba ta da shi. 'Ya'yansu nawa cikin biyar ne za su gada? Bayyana dalili.

4. Jariri mai kilo 2.8 za a ba shi miligiram 5 a kan kowane kilo. Nawa ne rabonsa, kuma sau nawa kwalbar miligiram 80 ta ninka shi?

5. Zana bishiyar zuriyarku tun daga kakarka ta wajen uwa, ka sa alama a kan duk wanda kuke da maitokondiriya iri ɗaya da shi.